Tikitin baƙon ma'aikacin jirgi: lissafin da mutumin Damagaram zai yi kafin ya ɗaure kaya

Kamfanonin jiragen sama da yawa suna ba ma'aikatansu gatar tafiya a kan kuɗi kaɗan, su da iyalansu. Wasu kamfanonin kuma suna ƙara musu ƴan tikitoci a shekara, su ba wanda suka ga dama, aboki ko ɗan uwa na nesa. Yanzu da ƴaƴan Damagaram suka bazu a duniya, ba abin mamaki ba ne ƙaninka da ke aiki a wani kamfani ya kira ka ya ce, "Yaya, in kana son zuwa, zan sa ka a tikitina." Alheri ne babba, amma ka san abin da aka ba ka. Wannan tikitin bai saya maka kujera ba. Ya ba ka izinin tsayawa a ƙarshen layi ne, in kujera ta rage bayan an gama da kowa, ka hau. Kamar ɗan uwan direba ne a tasha: sai fasinjojin da suka biya sun zauna, kaya sun shiga, sannan a duba ko da sauran gurbi.

Layin nan shi ne asalin zancen, don haka bari in daɗe a kansa. Masu cikakken tikiti su ne a gaba, har da waɗanda jirginsu na jiya bai tashi ba aka maido su na yau. Bayansu akwai matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi da kamfani ya tura su kama aiki a wani gari. Sai ma'aikaci mai tafiyar kansa da matarsa da ƴaƴansa, sai iyaye da waɗanda suka yi ritaya, gwargwadon tsarin kowane kamfani. Baƙo shi ne can ƙasa. A American Airlines ana sa wa baƙo alamar D3, ma'aikaci kuwa D1 ko D2, kuma cikin masu alama ɗaya, wanda ya riga tabbatar da zuwansa shi ne a gaba. A kamfanin Delta na Amurka alamar baƙo S4 ce, kuma ana duba shekarar da ma'aikacin ya fara aiki, don haka baƙon tsohon ma'aikaci yana gaban baƙon wanda aka ɗauka bara. Tambaya ta farko da za ka yi wa ƙaninka ke nan: da me kamfaninku yake jera mutane, da daɗewa a aiki ko da rigaye? In da rigaye ne, minti ɗaya ma yana raba mai tafiya da mai kwana a filin jirgi. Sau da yawa ana buɗe tabbatarwa ta intanet awa 24 kafin tashi, sai ka zauna da wayarka a hannu kafin lokacin ya cika.

Ma'aikacin yana iya ganin lambobi a na'urar kamfani. Kada ka yarda da "akwai wuri" kawai, ka nemi abu uku: kujeru nawa ne ba a sayar ba, masu jira nawa ne, kai kuma na nawa ne a cikinsu. A ce jirgi mai kujera 150 ne, an sayar da 144, saura shida. Masu jira tara ne, kai ne na takwas. A rubuce ba ka da wuri. Abin da zai cece ka shi ne masu tikitin da ba su zo ba, ko waɗanda jirgin da zai kawo su ya makara. In mutum biyu suka fashe, ka shiga. Amma lissafin yana juyawa ta ɗaya gefen ma. Kujera 20 da aka gani babu kowa ranar Litinin suna iya ƙarewa kafin Laraba, saboda ana sayar da tikiti har ranar tafiya, kuma ma'aikaci yana iya shigar da sunansa a awa ta ƙarshe ya tsallake ka da iyalinsa mutum biyar. Shi ya sa lambar da aka gani saura mako guda ba ta da amfani sosai. Ta saura kwana biyu ta fi, ta safiyar ranar ita ce abin riƙewa.

Akwai kuma abin da ya fi ba mutane haushi: jirgi ya tashi da kujeru babu kowa, kai kuma an bar ka a ƙasa. Ba mugunta ba ce, nauyi ne. Iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukai da injuna ba sa samun abin da suke samu a sanyi, sai a rage nauyin da jirgi zai iya tashi da shi. Wanda ya san ranar Yamai a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san abin da ake nufi. Tudu ma haka yake yi. Filin Bole na Adis Ababa yana sama da mita 2,300 daga teku, kuma nan ne mahaɗar masu bin Ethiopian Airlines. In aka ƙara man jirgi saboda yanayi, ko aka ɗora kayan da aka biya kuɗin dakonsu, wanda za a fara sokewa shi ne mai jira. Ƙari a kan haka, jiragen da ke zuwa Yamai sukan haɗa ta da wani birni a zagaye ɗaya, kamar Wagadugu. Kujerar da ka gani babu kowa mai yiwuwa an riga an sayar wa wanda zai hau a zango na gaba.

Yanzu mu zo gida. Mutumin da ke zaune a Istambul ko Doha, in jirgin safe ya bar shi, ya koma gida ya ci abinci ya dawo da yamma. Mu ba haka muke ba. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, yini guda cur a mota in an tashi da asuba. Kano ta fi kusa, wajen kilomita 240 ta Matamai da Ɗan Barto zuwa Daura, amma akwai iyaka a tsakani, kuma mun ga yadda aka rufe ta a 2023 ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Jiragen ƙasashen waje kuma, a filin Diori Hamani ko na Malam Aminu Kano, da yawansu ba kullum suke zuwa ba. In ka rasa na Talata, mai yiwuwa sai Alhamis ko Juma'a. Saboda haka kafin ka bar Birni ko Zango, ka san inda za ka kwana a Yamai ko Kano na aƙalla dare uku, ka kuma sa kuɗin abinci da na tasi a lissafi. In tafiyar tana da ranar da ba ta ɗaguwa, ɗaurin aure ne, ko ganin likita, ko jarrabawa, ko ranar fara karatu, ni shawarata kada ka taɓa wannan tikitin. Ka sayi cikakke ka huta.

Wani abin da ake yawan ruɗewa a kai: tikitin baƙo a jiragen kamfanin ma'aikacin kaɗai yakan yi aiki. Akwai yarjejeniya tsakanin kamfanoni sama da ɗari, mai suna ZED, da aka kafa a 1994, wadda ke ba ma'aikacin wannan kamfani damar hawa jirgin wancan a farashin da ake yankewa gwargwadon nisa. Amma galibi ta ma'aikaci ce da matarsa da ƴaƴansa, wani lokaci da iyayensa. Aboki ko ɗan baffa ba ya ciki. Ka ga ke nan in ƙaninka a Delta yake, jirginsu ba ya sauka Yamai ko Kano, sai Legas, Akara ko Dakar. Dole ka sayi cikakken tikiti zuwa can da kuɗinka. Tikitocin biyu kuma babu abin da ya haɗa su. In a dawowa jira ya riƙe ka kwana biyu a Amurka, jirgin da ka biya daga Dakar zuwa Yamai ya tafi, kuma ba wanda zai canja maka kyauta. Maganin abin shi ne ka sayi wancan ɓangaren da sharaɗin canjin rana, ko ka bari sai ka iso ka saya. Mai mata fiye da ɗaya kuma, in shi ne ma'aikacin, ya karanta dokar kamfaninsa da kyau, domin tsarin da yawa an gina shi a kan mace ɗaya ce a rajista.

Batun kuɗi gajere ne. Ba kyauta ba ne: akwai abin da kamfani ke yankewa, akwai harajin filayen jirgi, wanda a wasu hanyoyin yakan fi kuɗin tikitin kansa. Ka haɗa su, ka ƙara kwana uku na masauki, sannan ka gwada da cikakken tikitin da za a saya wata biyu kafin tafiya. Wani lokaci ratar ba ta kai wahalar ba. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne kuɗin ko-ta-kwana, wato abin da zai sayi cikakken tikitin dawowa a ranar tafiyar kanta, kuma shi ne tikiti mafi tsada da ake sayarwa. Ya kasance a katin banki da ka gwada ka tabbatar yana aiki a waje, ko yuro a hannu. Canjin a tsaye yake, yuro ɗaya kusan sefa 656, don haka lissafin ba wuya. Sefa kanta ba za ta amfane ka a kantar filin jirgin Istambul ba.

Takardu su ne inda abin yake iya zama masifa ta gaske. Ma'aikacin kantar awon kaya yana duba wani kundi mai suna Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya (IATA), abin da ya gani a ciki shi zai bi, roƙo ba ya canja shi. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya rage aƙalla wata shida, suna son katin rigakafin shawara, suna kuma son shaidar cewa za ka fita. To nan ne matsalar: tikitin jira ba kujera tabbatacciya ba ce, kuma wani jami'in ba zai karɓe shi a matsayin shaidar dawowa ba. A tambayi wannan tun kafin a nemi biza. Sai ranar ƙarewar biza. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, suna ba mai ziyara kwana 90 cikin 180, kuma "ban samu kujera ba" ba uzuri ba ne a wurin ƴan sandan iyaka. Wanda ya wuce wa'adi yana iya rasa biza ta gaba. Don haka ka fara neman dawowa saura aƙalla mako guda, ba ranar ƙarshe ba.

Mahaɗa ma tana da nata. In ka sauka Kazablanka ko Istambul jirgi na biyu ya cika, kuma ba ka da izinin shiga ƙasar, a zauren jira za ka kwana, a kan kujera, har sai an samu wuri. Masaukin da kamfani ke ba mai cikakken tikiti in jira ya yi tsawo, kada ka sa ran za a ba ka. Wani zai ce maka ka canja hanya ka bi ta Turai tunda can akwai kujeru. Ka dakata ka duba fasfonka. Mai fasfon Najeriya, misali, yana buƙatar bizar ratse ko da ba zai fita daga filin jirgin ƙasashen Shengen ba, sai in yana da wasu takardun da suka ɗauke masa. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, wadda ke sa a biya fasinja diyyar yuro 250 zuwa 600 in an hana shi hawa ko an soke jirgi, ta fito fili ta cire wanda ke tafiya kyauta ko a kan rangwamen da ba na kowa da kowa ba. Kai ke nan.

Ranar tafiya, ga yadda abin yake gudana. Ma'aikacin ya riga ya shigar da sunanka a jirgin da kuka zaɓa, harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo. Mahamadou da Mamadou ba ɗaya ba ne a wurin na'ura. Ka iso saura awa uku. A wasu filayen za a ba ka takardar shiga mai ɗauke da SBY, wato alamar mai jira, a gurbin lambar kujera, ka wuce bincike ka jira a ƙofar jirgi. A wasu kuma za a tsayar da kai a kanta har sai an rufe awon kaya, wajen awa ɗaya kafin tashi, sannan a kira masu jira. In haka ne, da an miƙo maka takarda sai sauri, domin ƴan sanda da binciken kaya suna gabanka, ƙofa kuma ana rufe ta saura minti 15 zuwa 20. Ka yi alwala da salla, ka shiga bayi tun da wuri. Ka je ka gaida mai kula da ƙofa sau ɗaya, ka faɗi sunanka, ka koma ka zauna inda yake ganinka. Kada ka tsaya masa a kai, yana da mutum ɗari da hamsin a gabansa. Ka kasa kunne sosai, saboda a ƙasar waje ana karanta sunayenmu yadda kai kanka ba za ka gane ba, kuma in an kira sau biyu shiru, na bayanka za a ba. In jirgi ya tafi bai ɗauke ka ba, kada ka bar wurin sai ka tabbatar an mayar da sunanka jirgi na gaba, ko ka kira ƙaninka ya shigar da kai sabo. Ba ko'ina na'ura ke yin haka da kanta ba.

Kaya kuwa, jakar hannu ita ce lafiya, kilo bakwai ko takwas a yawancin kamfanoni, ruwa-ruwa a kwalabe da ba su wuce mililita 100 ba. Akwatin da aka auna a tafiyar ƙasa da ƙasa ba a son ya tashi ba mai shi, don haka ana ajiye shi gefe sai an tabbatar da kai. Abin da ke biyo baya iri biyu ne: ko ka shiga a minti na ƙarshe akwatin bai samu shiga ba, ko a bar ka ka ɓata awa guda kana neman a fito maka da shi. Magani, caja, kayan sawa na kwana biyu da takardu duk su zauna a jikinka. Ɗan kasuwar Dole mai dawowa daga Dubai ko Cana da buhuna, wannan tikitin ba nasa ba ne sam. Kilishin tsaraba ma a bar shi in Turai ko Amurka za a je, an hana shiga da nama, ƙwacewa ake yi, wani lokaci har da tara.

Lokaci yana da tasiri fiye da komai. Goman ƙarshe na azumi jiragen Jidda da Madina a cike suke maƙil, haka kafin Hajji da bayansa, har jiragen da ke bi ta Alkahira da Adis Ababa. Hajji ma dai ta hannun hukumar alhazai ta COHO da kamfanonin da aka amince da su ake yin sa, babu zancen jira a ciki. Ƙarshen Agusta da Satumba ɗalibai ne ke komawa, ƙarshen Disamba masu hutu. Wasu kamfanonin ma sukan hana tikitin baƙo gaba ɗaya a irin waɗannan ranaku. Sai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in ƙura ta rufe Kano aka soke jirgi ɗaya, fasinjojinsa kaf ake zubawa a na gaba, kujerun da kake hange su tafi na kwana biyu ko uku. Tsakiyar mako, a watan da ba biki ba hutu, shi ne lokacin mai jira.

In ku da yawa ne, ku yanke shawara tun a gida: in kujera biyu ta fito ku huɗu, wa zai tafi, wa zai tsaya? Mai kula da ƙofa zai tambaya, kuma ba zai jira ku yi shawara ba. Kowa ya riƙe fasfonsa da kuɗinsa a jikinsa. Kujerun da suka rage a warwatse suke, uwa a baya, ɗa a tsakiya. Wannan kuma ina faɗarsa da ƙarfi: kada a ɗora Hajiya tsohuwa ita kaɗai a kan tikitin jira, ba ta jin Faransanci ko Turanci, a ce ai Allah zai kai ta. Wanda zai bi wannan hanya sai mai iya karanta allo, mai iya tambaya, mai ƙafar da zai yi sauri daga wannan ƙofa zuwa waccan. Iyaye a haɗa kuɗi a saya musu cikakke.

Saura amanar wanda ya ba ka. Sunansa da lambar aikinsa suna manne da tikitinka, duk abin da ka yi a kansa ake rubutawa. Ka ɗaga murya a kantar awon kaya, ka yi musu da ma'aikaciyar cikin jirgi, rahoto zai isa ofishinsu, a dakatar masa da gatar tafiya shi da ƴaƴansa, in abin ya yi muni aikin ma ya tafi. In an ce ka tashi ka ba mai cikakken tikiti wuri, ko da ka riga ka zauna, ka tashi. In abinci bai kai kanka ba, ka yi haƙuri. Kada ka zauna kana ba maƙwabcinka labarin ɗan abin da ka biya. Sutura ma akwai doka. A watan Maris na 2017, a Denba ta Amurka, kamfanin United ya hana wasu ƴan mata biyu hawa saboda matsattsen wandon da suka sa, kuma dalilin shi ne a kan tikitin ma'aikaci suke. Kaftani mai tsabta da hula, ko atamfa da mayafi, sutura ce ta mutunci, amma silifas ɗin wanka da gajeren wando a bar su a jaka, kuma ka ce ƙaninka ya turo maka dokar kamfaninsu a rubuce.

Sayar da irin wannan tikiti haramun ne a dokar kamfanoni, ana korar ma'aikaci a kansa. Saboda haka duk wanda ya tallata maka "tikitin ma'aikata" a Facebook ko WhatsApp, ko dai ɗan damfara ne, ko kuma tikitin za a iya soke shi kana tsakiyar hanya in an gano. Ka karɓa kawai daga wanda ka sani ido da ido, wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyu na dare in ka maƙale, domin shi kaɗai ne mai iya canja maka jirgi a na'ura. Ka tambaye shi jadawalin aikinsa na ranakun tafiyarka. In matuƙi ne ko ma'aikacin cikin jirgi, mai yiwuwa yana sama awa goma ba waya, sai ku shirya yadda za ka shiga shafin intanet na kamfanin da kanka ko wanda zai tsaya maka.

A dawowa, kada ka sayi tikitin motar Damagaram, kada kuma ka ce a zo tarbarka a tasha, sai ƙafarka ta taka Yamai ko Kano. In jirginka na dare ne, ka sa a ranka motar asuba mai yiwuwa ta wuce ka, ka tanadi kwana ɗaya a can, ka kuma gaya wa wurin aikinka ranar da ta wuce wadda kake sa rai da kwana uku.